Masu sayen muryata ba sa jin Hausa

Kuɗin farko da murya ta taɓa kawo mini naira dubu biyu ne da kwalbar lemo mai sanyi. Tallar wani shagon atamfa ce a Kantin Kwari, ina ajin ƙarshe a Jami'ar Bayero, ina kuma zaman koyon aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Kano. Furodusa ya leƙo ɗakin labarai ya ce mai karanta musu talla ba ta zo ba, wa ke da murya? Duk aka juyo aka kalle ni. An san ni da kwaikwayon masu karanta labaran BBC da na Muryar Amurka, ɗabi'ar da na taso da ita tun ina zama gefen tabarmar Baba, shi yana shan koko, rediyo na jingine da buta.

Daga wannan rana na shekara shida ina cin abinci da maƙogwaro, in dai za a kira wannan cin abinci. Na yi tallar maganin basir, na yi ta makarantun kuɗi, na yi ta 'yan siyasa a zaɓen 2015 da na 2019. Na ɗora murya a fassarar fina-finan Indiya, kuma da yake muryata tana da kauri, kullum ni ce uwar miji. Akwai matan da suka tsane ni a unguwarmu ba su san ni suke tsana ba. Aikin akwai daɗi, biyan ne babu. "Hajiya, in an sallame mu za mu neme ki." Ina da wani littafi mai bangon kore da nake rubuta bashin da nake bi, har yau yana nan. Wani ɗan takara ya ci zaɓe da muryata, ya gama wa'adinsa, ya sake tsayawa ya faɗi, sunansa na nan a shafi na uku ba a soke ba.

A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda korona, ga azumi ya kama. Sutudiyo duk suka kulle. Maigidana malamin makarantar kuɗi ne, su ma aka ce babu karatu babu albashi. A wannan zaman ne ƙanina, wanda kullen ya rutsa da shi a gidanmu, ya ce, "Yaya, wai me ya hana ki buɗe LinkedIn?"

Na ce wannan ba na masu ɗaura lakataye ba ne, masu neman aikin banki? Ya yi dariya ya ce dandalin ya girmi Facebook, tun 2003 yake, kuma Microsoft ba za ta zuba masa dala biliyan 26 a 2016 don masu neman aikin banki kawai ba. Ya ce duk saƙonnin wanke hannu da sa takunkumi da nake ji a rediyo, wani ne a wani ofis ya ba da kwangilarsu, kuma wannan mutumin yana can da sunansa da muƙaminsa a rubuce. Abin da ya ja hankalina ke nan. A Facebook da Instagram masu sauraro nake tarawa, su yaba su wuce. Nan kuwa an ce masu sa hannu a takardar biya ne ke zaune.

Sai da muka yi zama da maigida a kan hoto. Shi ba ya son hotona yana yawo, ni ma ban saba ba. Amma ƙanina ya ce shafin da babu fuska kallon ɗan damfara ake yi masa, balle daga Najeriya. Maigida ya yi shiru, can ya ce, "To ki sa hijabinki, ki ɗora abin kunnen nan naki a kai, a san aiki ya kawo ki." Hoton da ke kan shafin ke nan har yanzu. Bai hana wasu shigowa su ce "Salam, kina da aure?" ba. Ashe ko'ina akwai su.

Watannin farko ɓarna na yi, kuma ina faɗa ne don na ga ƙannena da yawa suna maimaita ta. Na kwafe takardar neman aikina na zuba, har da makarantar firamare. A ƙarƙashin sunana na rubuta cewa ina neman kowane irin aiki. Sannan na shiga tura wa mutane gayyata babu ji babu gani, duk wanda na ga yana da babban muƙami, da saƙo iri ɗaya mai kama da na almajiri a bakin ƙofa: ni mace ce mai hazaƙa, a taimaka a ba ni dama. Na tura har na kai iyakar da dandalin ya yarda mutum ya tura. Waɗanda suka amsa ba su kai yatsun hannu ba, ɗaya daga cikinsu ma cewa ya yi in biya kuɗin rajista a sa ni cikin jerin muryoyin wani kamfanin Turai. Allah ya taimake ni ba ni da kuɗin a lokacin.

Wadda ta buɗe mini ido wata mata ce a Nairobi, mai kula da ayyuka a wani kamfanin da ke mayar da saƙonni zuwa harsunan Afirka. Ta amsa gayyatata, na tura mata samfurin muryata, tallar atamfa da ta wata makaranta, da kiɗa a ƙasa kamar yadda muke yi a rediyo. Ta rubuto da ladabi ta ce ta saurara, amma in yi haƙuri, ita ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta ce samfura irin nawa suna da yawa a kwamfutarta, kuma duk daɗinsu ɗaya a kunnenta. Abin da ke hana ta barci shi ne ta biya, ta miƙa wa mai aikin, bayan mako biyu wani ma'aikacinsu a Katsina ko Maiduguri ya bugo ya ce mutane suna dariya.

Na daɗe zaune da wayar a hannu. Shekara shida ina sayar da murya ga mutanen da ke jin ta, su ce "kai, muryar nan ta yi." Yanzu ga kasuwar da mai saye kurma ne a harshena. Daɗin murya ba zai ratsa shi ba. Abin da yake nema wanda zai tsare masa mutunci a wurin da kunnensa ba ya kaiwa.

Sai na rushe shafin na sake gini. Layin da ke ƙarƙashin suna, wanda shi ne ke bin mutum duk inda ya sa baki a dandalin, na cire "neman aiki" na rubuta da Turanci abin da mai nema zai buga a wurin bincike: mai ɗora murya da Hausa, karin Kano, tallace-tallace, darussan intanet, saƙon waya, da gyaran rubutun Hausa kafin ɗauka. Akwai wata 'yar lasifika kusa da suna da aka tanada a 2020 don mutum ya faɗi yadda ake furta sunansa, daƙiƙa goma kacal. Ni na mayar da ita shago. Na yi sallama, na faɗi sunana, na ce ga sana'ata, da muryar da na fi ji da ita. Na sake ɗaukar wannan daƙiƙa goma ya fi sau talatin. Da yake dandalin ba ya karɓar sauti tsurarsa, sai na riƙa mayar da samfurana bidiyo, da fassarar Turanci tana gudana a ƙasa, na cire kiɗan gaba ɗaya don a ji cewa ɗakina babu hayaniya. Na kuma daina bin manyan daraktoci. Darakta ba ya neman murya. Masu kula da ayyuka a kamfanonin fassara, jami'an yaɗa labarai na ƙungiyoyin agaji, masu haɗa darussa, injiniyoyin sauti, su ne ke tashi da safe da matsalar da ni ce maganinta.

Kuma na daina roƙo, na koma bayani. Rubutun da ya fara kawo mini aiki na gaske a kan ƙashi ne. Wani rubutu ya taɓa zuwa hannuna na wayar da kan iyaye mata game da abincin yara, an buga shi babu ƙugiya ko ɗaya, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Sai jimlar da ke cewa abincin yana ƙara wa yaro ƙarfin ƙashi ta koma wani abu dabam da ba a faɗa a gaban surukai. Bahaushe zai gane ya gyara da bakinsa. Amma wanda ya koyi Hausa a sama, ko na'ura, abin da aka rubuta zai karanta. Na yi ɗan bidiyo na minti ɗaya, na furta kalmomin biyu, na yi bayani da Turanci mai sauƙi, ban ambaci masu rubutun ba. Na ƙara da "fari": launi ne, rashin ruwan sama ne, ko kuwa na 'yar fari irina? A takarda duk ɗaya ne, a baki karin sauti da tsawon wasali ke raba su. Haka gari na zama da gari na tuwo, haka kukan yaro da kukar miya. Na ce wanda zai karanta wa manomi saƙo a kan fari, gara ya san wanne yake faɗa.

Mutanen da suka danna alamar yabo ba su taka kara sun karya ba, a Facebook hoton girki na fi samun haka. Amma cikin mako guda mutum uku suka rubuto, kuma dukansu masu ba da aiki ne. Matar Nairobi tana ciki. Darussa ne na ma'aikatan lafiya na karkara, kusan awa biyu na karatu. Kafin in ɗauki komai na mayar mata da rubutun da gyare-gyare a gefe, kowanne da dalilinsa: nan fassarar ta bi Turanci sawu da ƙafa, nan an kira ungozoma da sunan da ba wanda ke kiranta da shi, nan an ce wa tsohuwa "ke" a inda ya kamata a sakaya. Ba ta roƙe ni wannan ba, ban kuma caje ta ba a karon farko. Yanzu ina caja, layinsa dabam a takardar kuɗi.

Sutudiyon da ake ta yabo kuwa, durowar kayana ce. Na kwashe rabin kayan, na bar rabi don tufafi suna shanye amsa-kuwwa, na jingina tsohuwar katifa a ƙofa, na rufa bargo a sama. Makirfo na hannu na saya a wurin wani mai sutudiyo da ya karye, manhajar da nake ɗauka da ita Audacity ce, kyauta take. Masu aikin waje ba sa son sautin da aka matse irin na WhatsApp, WAV suke so, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, yawanci kilohaz 48, kowane fayil da sunan da suka tsara, kuma in ka ɓata suna ɗaya cikin ɗari biyu sai an dawo maka da shi. Babban abokin gabana hayaniya ce. Da rana ga adaidaita sahu, ga mai tallar ruwa, ga injin markaɗen maƙwabta. Da daddare in an ɗauke wuta janareta ta ko'ina. Don haka lokacina daga ƙarfe ɗaya na dare ne zuwa kafin kiran assalatu, fanka a kashe, ko da a watan Afrilu ne. Wanda ya san zafin Kano ya san abin da nake nufi. Ina fitowa kamar an tsamo ni daga rijiya. Akwai wani zakara a bayan katangarmu da ba ya bin agogo, ya shiga darussan lafiya ya fi sau biyar, na yanke shi da kwamfuta, da so samu ne da wuƙa.

Abin da ya fi ba ni wahala na koya shi ne farashi, don a Kano ba mu san murya ana ba da hayarta ba. An biya ka dubu biyar, shi ke nan, su yi ta sakawa har tallar ta tsufa. A LinkedIn na ga 'yan sana'ar na Ingila da Afirka ta Kudu suna magana a kan kuɗin ɗauka dabam, kuɗin amfani dabam: a wace ƙasa za a saka, a rediyo ko a intanet, na wata nawa. Da na fara tambayar masu aiki waɗannan abubuwa, na zaci za su gudu. Sai na ga sun ƙara ɗaukata da muhimmanci.

Amma ban koya da wuri ba, sai da na ƙone. Wani kamfani ya same ni ta nan dandalin, ya ce jimloli ne gajeru masu yawa zan karanta, babu kwaikwayo, babu motsin rai, kuɗin kuma da dala. Na ga banza ta faɗi. Yarjejeniyar shafi goma sha wani abu ce da Turancin lauyoyi, na gangara ƙasa na sa hannu. Sai da na gama kashin farko na nuna wa wata dattijuwa 'yar sana'ar a Ingila da muka saba gaisawa a dandalin, ta ce in karanta sakin layi kaza. Ashe na ba su damar su koya wa na'ura muryata, su sa ta faɗi duk abin da suka ga dama, har abada, a ko'ina, ba tare da sun sake biyana ko sisi ba. Kwana biyu ban yi barci ba. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Muryar da na yi wa mahaifina karatun jarida da ita, wata rana a ji ta tana tallar caca ko tana zagin wani malami, wa zai yarda ba ni ba ce? Na ƙi yin kashi na biyu. Na farkon ya tafi, ba ya dawowa. Da 'yan fim na Amurka suka shiga yajin aiki a 2023, daga Yuli zuwa Nuwamba, kuma batun ƙirƙirarriyar basira na cikin abin da suke faɗa a kai, na ce ashe ba ƙauyancina kaɗai ba ne.

Kada a ce ina gaba da na'ura ta iya Hausa. Ina so ta iya. Ina so tsohuwar da ba ta karatu ta yi wa waya magana ta amsa mata da harshenta. Na sake yin irin wannan aiki daga baya, amma da idona a buɗe: an faɗa mini me za a yi da shi, an rubuta abin da ba za a yi ba, an biya daidai da haka. Yanzu kowace yarjejeniya sai na karanta ta sau biyu, maigida ya karanta sau ɗaya da jan biro irin na masu duba jarrabawa.

Wani aikin kuma ƙin karɓarsa ne ya yi mini riba. Saƙon waya ne na tura kuɗi, za a yi amfani da shi a Maraɗi da Damagaram. Na duba na ce musu ni ba zan yi ba. Hausa ɗaya ce, amma kunnen Bamaraɗe zai ji Bakanuwa tun daga sallama. Can makaranta lakwal ce, mota mato ce, lissafin kuɗi ma dabam: dala sefa biyar ce, jika sefa dubu. In na ce "dala ashirin" da bakin Kano, ni kaina tunanina yana Wapa wurin 'yan canji, alhali su sefa ɗari suke nufi. Na haɗa su da wata 'yar'uwa mai aikin rediyo a can da muka haɗu a dandalin. Maigida ya ce, "Ke, ana ba ki kina turawa gaba?" Bayan wata biyu kamfanin nan ya dawo da aikin Najeriya wanda ya ninka wancan, kuma mai kula da aikin ya rubuta mini shaida a shafina, a sashen da abokan aiki ke rubuta yadda suka ga mutum. Bai ce muryata da daɗi ba, ina zai sani. Cewa ya yi na gaya musu gaskiya a lokacin da gaskiyar ta hana ni kuɗi. Mutum biyu daga baya sun ce wannan layin suka karanta suka neme ni.

Ba zan ce na yi arziki ba, kada wata ta ajiye aikinta. Akwai watan da aiki ke haɗuwa har in rasa barci, akwai wata biyu a jere da ko sallama babu. Kamfanonin waje sukan ɗauki kwana talatin, wasu sittin, kafin su biya, sannan a bi ta Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga waje, ko asusun dala a yanki na yanka. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, mutane suka ce ai mu masu karɓar dala mun huta. Sun manta buhun shinkafa ma bai tsaya jira ba. Abin da zan iya cewa, na sa sola, yara ba a koro su don kuɗin makaranta ba, kuma littafin nan mai bangon kore ya daina samun sabon suna. Har yanzu ina yin tallar gida, don ina son in ji kaina a adaidaita sahu, amma rabin kuɗi kafin in buɗe baki. Tsohon furodusan nan nawa da na gaya masa haka ya ce, "'Yata, kin zama Baturiya." Na ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ce ta koya mini."

Sau biyu a mako nake shiga LinkedIn, ba kullum ba. In rubuta abu ɗaya da na lura da shi a aiki, in sa baki a maganar wasu in ina da abin faɗa, in taya wanda ya samu sabon muƙami murna, don mai kula da ayyuka in ya canza kamfani da littafin mutanensa yake tafiya. Matar Nairobi ta canza wuri sau biyu, duk inda ta je sai ta kira ni. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Suna gabanmu da awa biyu, saƙonta yakan iso ina fitowa daga durowa.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce 'yar fari, kuma ba ta taɓa cewa aikina ya yi kyau ba, ba a haka. Kwanaki ta bugo mini da rana tsaka, murya a ɗaure. Ashe wani saƙon tunatarwa na rigakafin yara da na ɗauka watanni baya ne ya shigo wayar matar ƙanina, aka sa a lasifika. Inna ta ji sallama da muryar da ta sani, ta amsa, ta fara tambayar ya yara ya maigidan, muryar kuwa ta yi gaba abinta tana lissafa ranakun zuwa asibiti.

"Ke 'yar nan, wace irin tarbiyya ce wannan? Ina amsa miki sallama kina ta zuba kamar rediyo?"

Na yi mata bayani cewa ɗauka ce, kuma wata mata ce a Kenya ta ba ni aikin, ba ta ma jin Hausa.

"To ki gaya mata, in an yi wa mutum sallama ana barin masa wurin amsawa."

A daren na rubuta wa matar. Ta tambayi daƙiƙa nawa. Na gwada da agogo, na amsa sallama cikakkiya yadda Inna ke yi, har da wa barakatuhu, na ce ta sa uku.